Fatar Idona da Tauraro Mai Wutsiya

Litinin, 6 ga Yuni, 1960

An tara mu a ofishin babban akawu da safe, duk waɗanda aka ɗauka aiki ba takardar haihuwa. Wai kafin a ba da 'yancin kai a watan Oktoba gwamnati na so ta san shekarun ma'aikatanta. Farkon Satumba likita zai zauna ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yanka wa kowa shekarunsa. Wanda ya kai hamsin da biyar, fansho. Wanda bai kai ba ya shiga sabuwar ƙasa da kujerarsa.

Shekara ashirin da wani abu ina tafinta a ofishin lardin nan. In ɗauki maganar Bature in kai wa talaka, in ɗauko ta talaka in wanke ta in kai wa Bature. Ba wanda ya taɓa tambayar yaushe aka haifi Andrawus. Yanzu da za a raba gado an tuna.

Uwata ta ce ina goye aka yi babbar yunwa. In haka ne ban cika hamsin ba, arba'in da bakwai ko da takwas. Amma yunwa ba ta ba da takarda, uwata kuma tana kwance bayan cocin ƙauyenmu, ba za ta zo shaida ba.

Da muka fito masinja ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, kai kam sai haƙuri." Tazarar da ke tsakanina da shi ba ta fi shekara biyar ba.

Alhamis, 9 ga Yuni

Na ari madubin matata Liatu na zauna bakin ƙofa inda haske yake. Gashi da sauran baƙinsa. Haƙora suna nan, ban da wanda rake ya tafi da shi. Fatar ido ce matsalar. Ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, kamar rumfar da ta sha damina uku ba gyara. Gadon gidanmu ne. Babana haka, kakana haka, a ƙauye ma gidan masu gyangyaɗi ake ce da mu. Wasu sun gaji gona, wasu shanu.

Liatu ta ce, "Baban Roda, in kun gama zancen da madubin a ba ni abina."

Lahadi, 12 ga Yuni

Fasto ya yi wa'azi a kan masu barci a gidan Ubangiji, idonsa a kaina tun daga farko har amin. Ni kuwa idona biyu, ina tsince kurakuran Hausarsa. Da aka tashi ya riƙe hannuna ya ce yana sa ni a addu'a. Na ce na gode, ya haɗa da likita.

A hanyar gida wani abu ya faɗo mini. Shekara da shekaru Di'o, Baturen da nake yi wa tafinta, yana buga tebur in zai yi mini magana, na ɗauka halinsa ne. Ashe tashina yake yi.

Asabar, 18 ga Yuni

Rabin ilimina daga ƙunshin tsire na same shi. Kuku-kukun Bariki suna sayar wa mai tsiren Wunti tsofaffin mujallun matan iyayen gidansu, ni kuma in sayi tsire in sami shafi guda na Ingila kyauta. Na yau na mata ne. Hoton mace ɗaya sau biyu: a hagu kamar an yi mata rasuwa, a dama kamar ta ga maciji. A ƙasa an rubuta wai a can akwai likitocin da ke yanke rarar fatar ido su ɗinke, mace ta tashi ta zubar da shekara goma. Ƙarshen bayanin mai da yaji sun cinye shi.

Na yi dariya har mai tsire ya tambaya. Na ce masa mutanen da suka mulke mu ne ke biya a yanka musu ido. Ya ce Allah ya kyauta.

Shafin yana aljihuna. Don abin dariya na ajiye.

Laraba, 22 ga Yuni

Na biya asibiti wurin Toma. Ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yawo ba wando, yanzu shi ke ba da magani a taga, da farar riga, yana ji kamar shi ya ƙago kwinin. Na nuna masa shafin wai in ba shi dariya. Ya yi dariyar, amma ba ta shafin ba.

"Bawana, amarya za ka ƙara ne, ko kai ne amaryar?"

Na ce tambaya ce ta ilimi.

Ya ce akwai likitan ido da yakan zo jifa-jifa ya yi wa masu amosanin ido aiki, waɗanda gashin idonsu ya juya ciki yana kankare ƙwayar. Layinsu har bakin titi. In na shiga layin nan na ce ni ƙuruciya nake nema, tsofaffin matan za su yi mini aikin da sandunansu, kyauta.

Da zan tafi ya rage murya ya ce kada in kuskura in je wurin wanzamai. Ban san wanzamai na yi ba sai da ya hana ni.

Juma'a, 1 ga Yuli

Na wuni ina ɗage gira. Di'o ya tambaya ko mummunan labari aka kawo mini daga gida. Da yamma ciwon kai.

Jiya kuma ƙaro na gwada, na liƙe fatar sama. Ta tsaya har hantsi. Ana tsakiyar shari'ar wata gona zufa ta zo, ta dama ta faɗo ita kaɗai, mai ƙara ya ɗauka alama nake yi masa, ya biyo ni waje da kaza.

Talata, 5 ga Yuli

Na hau keke zuwa Inkil bayan an tashi, wai zan duba gonar wani. Na tarar da Bakari wanzami a gindin ɗorawa yana yi wa wani ƙaho. Dattijo ne mai sanyin hannu, ba ya gaggawar magana. Ya kama fatar idona da yatsa biyu ya ja, kamar mai taya akuya.

"Malam Tafinta, wannan ai ta ishi mutum biyu."

Ba ya yanka, in ji shi. Ƙyauro yake tsagawa, ya kama rarar fatar a tsakani, ya ɗaure baki biyu da zare tamau. Jini ya daina zuwa, fatar ta mutu, ta bushe, ta faɗi da kanta tare da ƙyauron kamar cibiyar jariri. Wurin babansa ya koya. Masu gashin idon da ya juya yake yi wa, don ya ɗaga musu shi daga kan ƙwaya.

Ya tambaya ko gashin idon yana sukata. Na ce a'a. Ko ba na gani? Na ce ina gani. Sai ya ce, "To me ya yi maka?"

Na ba shi labarin likita da shekaru. Ya daɗe yana goga aska a tafin hannu. Ya ce shi bai taɓa yi wa lafiyayye ba, kuma abin da ya faɗi ba ya komawa. In je in yi shawara da matashin kai.

Na karanta yadda jini ke zaga jiki. Na san sunan wannan abu da Turanci, kuma ba suna ne mai daɗi ba. Duk da haka ina tuƙa keke ina zaɓen ranar dawowa.

Asabar, 9 ga Yuli

Na gaya wa Liatu tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce da idon nan na je gidansu, shi babanta ya gani ya ce yaron nan ba zai yi rawar kai ba, ya ba ni ita. Tun ran nan take kallon rabin ido, ba ta kai ƙara wurin kowa ba.

Na yi mata bayanin fansho, da gidan gwamnatin da za mu fita, da yadda ƙasa za ta zama tamu ni kuma ina ƙauye ina korar kaji daga shanya. Bayani mai kyau, da na ɗaya da na biyu da na uku.

Ta ce, "Kai da ka yi karatu."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da faɗa ta yi da na fi samun abin cewa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne teburin Di'o na bakin taga. Rabin rayuwata a tsaye na yi ta a gefensa. Ban ce za a ba ni ba, ban haukace ba tukuna. So nake dai in kasance cikin ɗakin ranar da ɗan ƙasa zai zauna a kai. Ko da abin da zai fara faɗa shi ne ba ya bukatar tafinta, in ji da kunnena.

Asabar, 16 ga Yuli

An yi. Na ɗauki hutu a ofis, na ce zazzaɓi.

Bakari ya yi bisimillarsa, na yi tawa addu'ar a zuci. Ya kama kaɗan ya ce wannan ta isa. Na ce ya ƙara, shekara goma nake so a rage, ba biyar ba. Ya ce, "Malam." Na ce na karanta. Ya ƙara.

Zafin ba zan rubuta shi ba. Keken turo shi na yi har gida, hula a kan hanci.

Litinin, 18 ga Yuli

Kumburi. Kwaɗo ɗauke da itacen girki. Liatu ta kai madubinta ajiya gidan maƙwabta.

Alhamis, 21 ga Yuli

Fatar ta yi baƙi, ta fara wari. Liatu na zaune da mafici tana kora mini ƙuda, ba ta cewa komai. Shirunta ya fi wa'azin fasto tsawo, kuma babu kuskuren da zan tsinta a ciki.

Talata, 26 ga Yuli

Ƙyauron hagu ya faɗa cikin kunu da safe. Na dama ya biyo da rana. Na roƙa aka karɓo madubi.

Idanu! Ban san ina da su haka ba. Tabon siriri ne, ja, Bakari ya ce zai dushe. Na ga saman ƙofa ban ɗaga kai ba, ashe akwai gidan zanzaro a can, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Gaskiya na yi kama da macen hoton dama, wadda ta ga maciji. Amma mai ganin macijin nan bai wuce arba'in ba.

Yau na yi waƙa a banɗaki. A rubuta.

Litinin, 1 ga Agusta

Na koma aiki. Masinja ya ce "Malam", bai ce "Baba" ba. Di'o bai buga tebur ba, ya dai riƙa yi wa kunnena magana. Babban akawu ya tambaya wane irin zazzaɓi ne wannan mai firgita mutum haka.

Lahadi, 7 ga Agusta

Fasto ya ce mu rufe ido mu yi addu'a. Na rufe. Ina ganin diddigen mutumin gabana. Na matsa da ƙarfi, na hagu ya kusa, na dama ya bar tsaga kamar ƙofar da damina ta kumbura. Na gama addu'ar ina kallon wata tsaka a bango, ita ma tana kallona.

Da muka dawo na gaya wa Liatu. Ta ce ta sani tun makon jiya. In ina barci farin idona a waje yake kwana, kamar na akuyar da aka yanka. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta ji ina waƙa.

Laraba, 17 ga Agusta

Idanun sun yi ja, kamar an watsa yashi. Karatu ba ya wuce shafi biyu sai haruffa su narke. Na kai kaina wurin Toma, na shirya shan tsiya.

Bai yi ba. Bai ce bawana ba, Andrawus ya ce, abin da bai taɓa kirana da shi ba tun da aka yi mana baftisma. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce fata ba ciyawa ba ce da za ta sake tsiro. Ya ba ni man shafawa a 'yar kwalba, in ya ƙare in nemi man kaɗe mai tsabta. Duk sa'ad da zan yi barci, dare ko rana, a shafa, a ja fatar iyakar inda ta kai, a rufe da tsumma mai laima. In ba haka ba ƙwayar za ta bushe ta yi fari.

Na ce har yaushe?

Ya ce, "Har ranar da za a rufe maka su gaba ɗaya. Ita ma sai an sa ƙarfi." Nan ya tuna shi abokin wasa ne. Ba wanda ya yi dariya.

Liatu ta ce za ta riƙa shafa mini. Na ce ban zama jariri ba, da kaina zan yi. Tsumman zamewa yake yi da na juya. Ba komai.

Laraba, 31 ga Agusta

Gobe ne. An goge farar riga.

Alhamis, 1 ga Satumba

Likitan yaro ne, sabon zuwa, rana ta dafa masa kunnuwa. Ga akawu a gefe da alƙalami. Na shiga na buɗe masa idanu, dama ba ni da zaɓi. Bai dube su ba. Ya ce fuska tana ruɗi, shi ba ya aiki da fuska. Hanyar da aka koya masa ita ce a tambayi mutum abin da ya tuna.

Ya tambayi shigowar Turawa Bauchi. Na ce ban kai ba. Ya ce to tauraro mai wutsiya fa?

Amsar gaskiya kalma ɗaya ce. Ba a haife ni ba. Amma tun da na fara aiki Bature bai taɓa tambayata abin da na sani ba, sai abin da wani ya ce. Ga shi tauraron nan na karanta shi a wuri uku, uwata kuma ta ba ni labarinsa ya fi sau ɗari. Bakina ya buɗe da kansa. Na gaya masa yadda ya fito ta gabas kafin gari ya waye, wutsiyarsa ta share rabin sama kamar tsintsiya. Yadda matan ƙauyenmu suka fito suna dukan ƙwarya da turmi, aka ɓoye yara cikin rumbu, wani tsoho ya yanka baƙin bunsuru a kan dutse. Na faɗi shekarar. Na faɗi sunan masanin da aka laƙaba wa tauraron, na faɗi lokacin da zai dawo. Duk da Turancina na ranar Lahadi. Likita ya jingina da kujera yana saurare, ya ce bai taɓa jin wanda ya kwatanta shi haka ba.

Na ji daɗi. Allah ya sani na ji daɗi.

Sai ya juya ya ce da akawu yaron da ya riƙe wannan duka ba zai gaza shekara takwas ba a lokacin.

Na ce ranka ya daɗe, labari aka ba ni. Ya yi murmushi, irin wanda ni ma nake yi wa masu ƙara in sun canja magana, ya ce kowa haka yake cewa da ya ga an fara rubutu.

Sai da na kai bakin ƙofa ya dubi idanun. Ya ce in je a duba mini su, ba su yi masa kyau ba.

Juma'a, 2 ga Satumba

Na kwashe duka na gaya wa Liatu. Ta ce, "A rumbun wa aka ɓoye ka?" Na ce ba a haife ni ba fa. Ta ce, "To."

Litinin, 19 ga Satumba

Hamsin da takwas. Na ma zarce. Babban akawu ya ce in gode Allah ba a ce na ci albashin haram ba. Ƙarshen wata zan ajiye.

Masinja bai tuna komai ba, ko sunan kakarsa sai da ya yi tunani. An ba shi talatin da tara. Ya koma ce mini Baba.

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya faɗa bai je gaban likitan nan ba.

Juma'a, 30 ga Satumba

Na share aljihun teburina, ban tarar da komai ba sai shafin nan mai man tsire. Di'o shi ma gida zai tafi. Ya bar mini akwatin littattafansa, ya ce ya san ni mai karatu ne. Na buɗe ɗaya. Haruffa kamar ƙwan kiyashi. Na yi godiya da Turanci mai kyau.

Asabar, 1 ga Oktoba

Na je filin, na tsaya daga baya. 'Yan makaranta da ƙananan tutoci, rana, iska. Idanun suka fara zuba, haka suke yi yanzu in iska ta taɓa su. Wani malamin makaranta ya nuna ni ga ɗalibansa ya ce su dubi dattijon nan, ya ga zuwan Turawa ya ga tafiyarsu, shi ya sa yake kuka.

Ban gyara masa ba. Wannan kam na koya. A makare.

Laraba, 19 ga Oktoba

Mun tare a Zungur, gidan ƙanen Liatu, ɗaki ɗaya da rumfa. Roda ta aiko daga Jos tana tambayar lafiyar idon Baba, an ce mata da sauƙi. Akwatin littattafan na ƙarƙashin gado, wata kaza ta gano shi, ita kaɗai ke amfana. Ban san wanda ya zauna a teburin bakin taga ba. Ban tambaya ba. Kaji kuwa ina korarsu daga shanya, kuma ba wadda ke wuce ni.

Tun makon jiya Liatu ke shafa man. Ba don komai ba, hannuna ne ba ya daidaita tsumman. Takan ɗumama man a tafinta, ta ce "Rufe, Baban Roda," kamar akwai abin rufewa. Ta ja fatar da babban yatsa, inda ba ta kai ba ta cike da yatsan, ta riƙe. Duhu sosai. Rabona da irinsa tun Yuli.

Yau bayan tuwon rana ta tafi rafi ta daɗe. Na kwanta ina kallon gofar rumfa, barci na cina, idanu na zafi. Kwalbar na nan kusa da hannuna, tsumma a cikin ƙwarya.

Da ta shigo ta ce me ya hana ni shafawa. Na ce ban ga kwalbar ba.

Ta dubi kwalbar. Ta dubi idanun nan da ko kiyashi ba ya wuce su. Ta ajiye tulu, ta wanke hannu.